Ruwan Bokitin Gwaggo

An gaya wa Hedimastan nan da baki, an kuma rubuta masa a takarda, cewa gini yana shirin faɗowa a kan yara arba'in da uku, sai ya aika aka sayo fenti. Laifinsa ke nan. Ba mantuwa ya yi ba, ba kuma rashin sani ba ne, kuma duk wanda ya kira shi kuskure yana taya shi ƙarya ne.

Makarantar firamare ce mai gini uku. Biyu dogaye ne na ƙasa, na ukun kuwa ɗan bene ne a ƙarshen fili, aji ɗaya a ƙasa, ɗaki ɗaya a sama. Ajin na 'yan aji uku ne, kuma mai kula da shi ita ce malamar Turanci, wadda yara da manya suke kira Malama Ƙamus saboda wani tsohon ƙamus mai jan bango da ba ya barin jakarta. Mace ce mai sanyin hali. Shekararta huɗu a makarantar, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya ko a kan yaro mai ƙiriniya.

Ɗakin saman da ma wurin ajiye karyayyun kujeru ne. Da Hedimasta ya ji masu duba makarantu za su zo kafin ƙarshen zango, kuma da rahotonsu za a zaɓi wanda za a ɗaga zuwa babban ofis, sai ya sa aka kwashe kujerun, aka mayar da ɗakin zauren baƙi. Ya kuma sa aka ɗora manyan tankunan ruwa biyu a kan rufinsa, don baƙi su ga famfo yana zuba a kowane lungu na makarantarsa. Bai tambayi magini ba, balle injiniya.

Mai share ajujuwan tsohuwa ce gajera mai ɗan ɗingishi. Kowa Gwaggo yake ce mata, har shi Hedimasta idan yana son a goge masa ofis da sauri. Shekara ashirin da biyu tana wanke simintin makarantar, amma ba ta taɓa zama a benci a matsayin ɗaliba ba. Wankinta daban yake da na kowa. Ba ta jiƙa tsumma ta bi ɗaki da shi. Tsayawa take yi a tsakiyar ɗakin ta juye rabin bokiti, ta jira ruwan ya kama hanyarsa, sannan ta bi shi da tsintsiya. Maigadi yakan tsokane ta cewa ita kaɗai ce mai shara a duniya da ruwa yake yi wa aiki tana kallo. Takan ce masa ai shi ma kujerarsa ce take gadin, shi nasa barci ne.

Wata Litinin bayan an tashi, Malama tana zaune tana duba littattafan yara, sai Gwaggo ta shigo ta ajiye bokitinta, ta tsaya a gaban tebur ba ta fara shara ba.

"'Yata, ki rubuta mini takarda zuwa ga shugaban nan namu. Da Turanci, irin wanda yake so."

"Ta me, Gwaggo?"

"Ki ce masa a fitar da yaran nan daga ɗakin nan. Jikina ya ba ni ba zai kai ƙarshen zango a tsaye ba."

Ashe tun makon da ya wuce ta je ta gaya masa. Ya ce mata ofis ba ya jin maganar baki, sai ta rubuto da Turanci ta sa hannu. Ya san ba ta iya rubuta ko sunanta ba, shi ya sa ya faɗa.

Malama ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta dubi bango. Ba ta ga komai ba sai taswirar da ta manna da hoton sassan jiki. Duk da haka ta san Gwaggo ba mai surutun banza ba ce. Ta yago takarda daga tsakiyar littafi, ta rubuta kwanan wata da gaisuwa, sai alƙalamin ya tsaya. Yaya ake cewa jikina ya ba ni da Turancin ofis? Ta jawo ƙamus.

Kalmomin suna da yawa, har sun fi yadda ta zata, kowace tana tura ta zuwa ga wata. Ta riƙa karanta wa Gwaggo tana fassara mata. Akwai premonition, fargabar da take sauko wa mutum kafin mugun abu ya faru, ba tare da ya san dalili ba. Akwai hunch, zaton da mutum yake jin ƙarfinsa amma ba shi da hujja. Akwai foresee, hango abu tun yana nesa. Akwai forecast, wanda masu na'ura da lissafi suke yi, kamar masu faɗin yadda ruwan sama zai kasance. Gwaggo ta saurara da hannu a ƙugu, kamar ana karanta mata sunayen dangin wasu.

"Suna da kalmomi kam," in ji ta. "To, in mutum ya faɗe su, ana jin sa?"

Malama ta sake duban jerin kalmomin. Ta dai lura cewa kalmomin ba matsayinsu ɗaya ba. Wasu an tanade su ga mai takardar shaida da farar riga, wasu kuwa ga tsofaffin mata irin wadda take tsaye a gabanta. In ta ɗauki ta farko, Hedimasta zai ce wane ne ya auna. In ta ɗauki ta biyu, zai yi dariya. Ta ajiye alƙalami ta tambayi Gwaggo, da girmamawa, wai me jikin nata ya gani har ya ba ta haka.

Gwaggo ta dube ta kamar yadda ake duban yaron da ya tambayi abin da ke gaban hancinsa. Ta ɗauki bokiti ta je tsakiyar ɗakin, ta ture benci biyu da ƙafa, ta juye ruwan.

Ruwan ya bazu, ya ɗan tsaya, sannan ya haɗa kansa ya miƙe zuwa kusurwar baya ta hagu, gindin ginshiƙin da yake ɗauke da bene. Gwaggo ta ce shekara ashirin da ɗaya da 'yan watanni ruwan ɗakin nan ƙofa yake bi, domin maginin da ya zuba simintin haka ya karkatar da shi, kuma ita ce ta fara wanke shi tun bai gama bushewa ba. Da aka ɗora tankuna, sai ruwan ya fara tsayawa a tsakiya kamar ya ɓata hanya. Bayan mako uku ya juya baya. Duk ranar da motar ruwa ta zo ta cika tankuna, washegari ya fi gudu.

Sai ta ja Malama zuwa ƙofa. Da, ta ce, da yatsa ɗaya take rufe ta, yanzu sai ta sa ƙugu. Ta nuna mata gindin bangon baya, inda kullum da safe take tarar da layin yashi mai laushi, ko ranar Litinin da ɗakin ya kwana biyu a kulle ba takalmin yaro da ya shiga. A ƙarshe ta ce Malama ta kama mata kabad ɗin littattafai su matsar. A bayansa akwai tsaga a jikin ginshiƙin, ta taso daga ƙasa ta yi sama a karkace. Gwaggo ta ce ranar da ta fara ganinta, tsinken tsintsiya ɗaya ne yake shiga. Bayan mako guda, uku suka shiga. Ta ɗaga ƙaramin yatsanta ta tura, ya shige har gaɓa ta farko.

Malama ta koma tebur. Ta rufe ƙamus ta mayar jaka. Ta rubuta abu huɗu da Turanci mai sauƙi, ruwa da ƙofa da yashi da tsaga, kowanne da lokacin da ya fara, ta roƙi a fitar da yara a kira injiniya. Ta yi kwafi biyu. Gwaggo ta dangwala yatsa da tawadar hatimi, Malama ta sa hannu a ƙasa.

Washegari ta kai wa Hedimasta. Mutum ne mai son a ji Turancinsa, irin wanda ba ya cewa a zauna sai ya nemo kalma mai gaɓa biyar. Ya karanta yana jijjiga kai, ya tambayi wane ne ya auna duk wannan. Da ta ce Gwaggo, sai ya jingina da kujera ya fara yi mata darasi, ita malamar Turanci. Ya ce wannan shi ake kira premonition, camfin tsofaffi, kuma hukuma forecast take aiki da shi, wanda masani ya sa wa hannu. Ya ce abin kunya ne mai ilimi irinta ta ari bakin mai shara. Ta roƙe shi ya taka ya ga tsagar da idonsa, mintina biyu kawai. Ya je kuwa. Ya tsaya ya dubi tsagar, fuskarsa ta ɗan canza, Malama ta ga haka sarai. Sannan ya ce fenti ne ya tsufa. Ya koma ofis ya jefa takardar a aljihun tebur ya murɗa makulli.

Da yamma mai fenti ya zo ya cushe tsagar da farar ƙasa, ya shafe ginshiƙin da shuɗi mai kyau. Malama ta nemi a bar ta ta haɗa yaranta da 'yan aji huɗu zuwa a duba. Hedimasta ya ce a'a, ajinta ne ya fi kowane tsabta, kuma shi baƙi za su fara gani in sun sauko daga zaure. Ta ɗauki kwafi na biyu ta kai ofishin masu kula da gine-gine. Akawun da ya karɓa ya buga masa hatimi, ya ce injiniya yana zagaye, mai yiwuwa nan da mako biyu.

Ranar Alhamis Hedimasta ya ji Gwaggo ta tsayar da wata uwa a bakin makaranta ta gaya mata gaskiya. Ya kira ta ya karɓe rigar aiki da makullai, ya ce ta tafi ta yi duba a gidanta. Ba ta roƙe shi ba. Ta ce masa kawai bokitin nata ne, da kuɗinta ta saya, ta ɗauka ta fita.

Dole a faɗi abin da Malama ta yi a kwanakin nan, domin ba abin yabo ba ne. Ta ci gaba da shigar da yara ɗakin. Ta matso da bencina gaba, nesa da kusurwar, tana gaya wa kanta ai ta rubuta, ai ta kai, sauran na manya ne. Tsoro ne, kuma ta san tsoro ne. Ranar Juma'a da safe, kafin yara su iso, ta juye gorar ruwan shanta a tsakiyar ɗakin. Ruwan bai ko tsaya shawara ba, kai tsaye ya tafi gindin shuɗin ginshiƙin. Ranar nan duk faɗuwar fensir sai ta ɗaga kai.

Baƙi Laraba za su zo. Ranar Litinin da sassafe motar ruwa ta shigo ta cika tankunan biyu har suna tumbatsa, bisa umarnin Hedimasta. Da Malama ta iso, sai ta tarar da Gwaggo zaune a kan kifaffen bokitinta a bakin ƙofar ajin, da kayan gida, tsintsiya a kan cinya. Gwaggo ta ce ta ga motar ta wuce ta layinsu, ta san inda ta nufa. Maigadi, da aka tambaye shi yadda korarriya ta shigo, ya rantse barci yake yi, kuma ai kowa ya san halinsa.

Malama ta sa makulli ta murɗa. Ya buɗe, amma ƙofar ta ƙi motsi. Ta tura da hannu biyu, ta sa kafaɗa, kamar an gina ta cikin bango. Yara sun yi layi a bayanta da jakunkuna suna jira. Gwaggo ta dube ta.

Hedimasta ya iso yana faɗa tun daga nesa. Ya umarci Maigadi ya ɓalle ƙofar ya kuma fitar masa da tsohuwar nan. Maigadi ya kama kafaɗarsa ya ce tun jiya take masa ciwo, ga shi kuma shi ba ya iya taɓa sa'ar uwarsa. Sai Hedimasta ya ja da baya ya daki ƙofar da kansa, sau uku, ta buɗe tana kuka, yashi ya zubo masa a kan hula. Ya shiga tsakiyar ɗakin yana buga ƙafa a siminti don kowa ya ga ƙarfinsa, ya ce a shigo.

"Ranka ya daɗe, ba za su shiga ba," in ji Malama.

Ba ta ɗaga murya ba, amma har malaman da suka leƙo daga ɗakinsu sun ji. Ya tambaye ta ko ta san abin da take yi wa aikinta. Ta ce ta sani. Ta juya ta ce wa yara su bi ta, ta kai su can ɗaya ƙarshen filin, inuwar katanga, suka zauna a kan jakunkunansu. Ta jingina wani guntun katako ta mayar da shi allo. Kafin a kaɗa ƙararrawar hutu an kawo mata takardar tuhuma mai shafi biyu, cike da manyan kalmomi, wadda ta ba ta zuwa Laraba ta mayar da yara ko ta ajiye aiki.

Ranar ta wuce, bene yana tsaye, shuɗin fentinsa yana ƙyalli. Malamin lissafi ya wuce yana tambaya ko a kawo musu laima, ko kuwa katangar ma jikin wani ya ba shi. Wasu suka yi dariya. Gwaggo ba ta kula su ba. Ta mayar da bokitinta tsakiyar fili, ta zauna tsakanin yara da ginin, duk wanda ƙwallonsa ya gangara wajen sai ta kore shi da tsintsiya, ta ce a bar ƙwallon a can.

Da aka tashi, Malama ta zauna kusa da ita. Ta tambaye ta a hankali, idan kuma bai faɗi ba fa.

"Ban ce miki yau ba, 'yata. In bai faɗi ba, sun yi mana dariya, mun ci abinmu mun ƙoshi. In ya faɗi suna ciki, wa za ki kai wa takarda?"

Talata ma a inuwar katanga suka zauna. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna, Malama tana rubuta kalmomi a guntun katakonta, sai aka ji ƙara kamar an karya babban itace. Ta waiwaya. Kusurwar baya ta hagu ta durƙusa, benen ya karkata a hankali kamar raƙumi zai kwanta, sannan tankunan suka huda rufi suka sauko da zauren baƙi gaba ɗaya cikin ajin. Ƙura ta rufe fili. Daga ƙarƙashinta ruwa ya fito ta inda ƙofa take, ya ɗauko alli da takardu da takalmin wani yaro da aka manta tun Juma'a, ya ratsa fili har ya jiƙa gindin bokitin Gwaggo.

Malama ta ƙirga yaranta, tana dafa kan kowane. Arba'in da uku. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya ɓangaren. Arba'in da uku. Sai ta zauna a ƙasa cikin ruwan. Gwaggo ta zo ta tsaya a kanta, ta dubi hanyar da ruwan ya biyo, ta ce to, yau kam ya tuna ƙofa.

Injiniyan da aka ce sai mako biyu, da azahar ya iso. Mutum ne mai furfura, ba mai yawan magana ba. Ya zagaya ɓaraguzan, ya ɗauki wani gutsuren ginshiƙi ya kankare shuɗin fenti da farce, farar ƙasar da aka cusa ta zubo. Ya karanta kwafin da aka buga wa hatimi a ofishinsu, ya ce a kira masa wadda ta dangwala yatsa. Ya sa aka ba ta kujera, shi yana tsaye, ya yi ta tambayarta kusan awa guda. Da ta zo kan ruwan, sai ya buɗe jakarsa ya fito da ma'aunin magina, ya nuna mata 'yar kwalbar da ke tsakiyarsa. Ya ce mata, Inna, abin da ake koya mana shekara biyar ke nan, ruwa ne a ciki shi ma, naki dai ya fi yawa.

Da ya zauna rubuta rahoto, ya juya ga Malama, tunda ita ce mai ƙamus, ya tambaye ta wace kalmar Turanci za a sa wa abin da tsohuwar ta yi. Malama ta tuna jerin da ta karanta ranar nan, ta ce ko ɗaya ba ta dace ba. Ta ce ya rubuta kawai cewa ta auna, kullum, shekara ashirin da biyu. Haka ya rubuta. Gwaggo dai da aka fassara mata ta ce su suka sani, ita jikinta ne ya ba ta. Ba wanda ya yi mata musu. Jikin da ya kwashe shekaru yana duban abu ɗaya da gaskiya, in ya yi magana ya cancanci a miƙe a saurara, ko da wane harshe ya yi ta.

An mayar wa Gwaggo rigarta da makullanta a taron safe, a gaban yara. An yaga takardar tuhumar Malama. Maigadi ya nemi a rubuta shi ma cikin rahoton, ya ce barcinsa ne ya ceci makarantar, Gwaggo ta ce a rubuta kujerar.

Kwamitin bincike ya sa aka buɗe aljihun teburin Hedimasta. Takardar tana nan da kwanan watanta, ninke biyu, a ƙarƙashin jawabin maraba da ya shirya wa baƙi. Mai fenti ya ba da shaida cewa Hedimasta da kansa ya nuna masa tsagar. An kore shi daga aiki, an soke sunansa daga rajistar malamai, kotu kuma ta ɗaure shi shekara uku.